Idon-barewa a Bakin Shinge

Talata, 10 ga Afrilu, 2018

Karsanan ƙanena Estill biyu sun mutu. Ta ukun tana kwance tana karkarwa. Likitan dabbobi ya ɗura mata gawayi da mai, ya ce saura sai yadda Allah ya yi.

Ta inda ruwan Fabrairu ya kayar da shinge suka ƙetaro filina, suka yi ta kiwo a gindin itacen Mama, wanda muke kira idon-barewa. Duk kwarin nan babu abin da ke riga idon-barewa fitar da ganye. Duwatsu suna nan toka-toka, ciyawa ba ta taso ba, shi kuwa ya yi kore shar, ga ƙananan tsirrai birjik a ƙarƙashinsa. Dabbar da ta yi wata huɗu tana tauna busasshiyar ciyawa me za ta bari? Ko yaron goye a Kentucky ya san ganyen nan da ƙwallon nan dafi ne. Saniya ba ta sani ba. Mai saniya ne ya kamata ya sani.

Daga baranda na hango ƙanen nawa yana jan mushen da tarakta. Bai dubi gidana ba. Ni ma ban sauka ba.

Ba ni na kayar da shingen ba. Ruwa ne.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Ya zo. Ko hula bai cire ba, ya tsaya a matakala ta biyu yana numfashin nan nasa kamar zuga-zugi. Shekara ashirin da shida a ramin kwal, abin da ya fito da shi ke nan.

"Yaya Orlena, itacen nan sai ya tafi."

Na ce ka karya kuwa? Akwai kofi a kan wuta. Ya ce ba shan kofi ya kawo shi ba.

Na ce, shekara saba'in da ɗaya itacen nan yana tsaye, ban taɓa jin ya bi saniyar wani har gida ba. Ya ce rabin rassansa a kan makiyayarsa suke, 'ya'yansa a cikin ciyawarsa suke zuba. Na ce gindin fa? Taku ɗaya cikin ƙasata, tun ranar da Baba ya raba mana. In yana shakka ya ɗauko igiya ya auna.

"Ke dai ba ki taɓa yin laifi ba tun da aka haife ki," in ji shi. Tari ya sarƙe shi, ya juya ya tafi da sauran maganar a baki.

Mama ta zo kwarin nan amarya a 1947, daga bayan dutse, can wajen Virginia, da akwati ɗaya da ƙwallon idon-barewa ɗaya a aljihu. Kakarta ce ta ba ta don sa'a da maganin sanyin ƙashi. Ba ta ajiye shi ba, ta tona ƙasa ta binne, ta ce nan ne iyakar tafiyarta. A inuwarsa ta yaye mu duka biyu. Estill ya sani. A reshensa ya karye a hannu yana ɗan shekara bakwai, ni na goyo shi zuwa gida.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Kwana uku na yi a Lexington wajen 'yata Twila, don ganin likitan gwiwa. Yau na dawo.

An yi wa itacen zobe. Yanka biyu da injin zarto, zagaye da gindin, an ɓare ɓawon da ke tsakani, faɗin tafin hannu biyu. Naman itacen fari fat a waje, yana tsattsafar da ruwa. Garin katako a kan ciyawa. Sawun takalmi da na sani, ni na saya masa shi Kirsimetin bara waccan.

Da ya kayar da shi ƙasa gaba ɗaya, da na fi ganin girmansa. Wannan kisan mummuƙe ne. Ya jira na ba da baya.

Ban yi kuka ba. Na shiga na wanke kwanonin da suke a wanke.

Litinin, 23 ga Afrilu

Waya ta yi ƙara sau huɗu. Glenna ce, matarsa. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 3 ga Mayu

Ya yi fure. Ban taɓa ganin ya yi irin na bana ba, tsaye-tsaye a kan kowane reshe kamar an jera kyandir, rawaya irin ta man shanun bazara. Ƙudan zuma har daga ɗakin girki ana jin su. Bai san an yanka shi ba.

Na zauna a gindinsa har kofina ya huce. Daga can makiyaya ana ganina sarai. Shi ya sa na zauna.

Lahadi, 13 ga Mayu

Twila ta zo da dashe a bayan mota, cikin baƙar tukunyar roba, har da jan ƙyalle a ɗaure. Ranar iyaye mata wai. Murna take yi tun daga ƙofa. "Mama, ga magajinsa na kawo miki. Mai shagon ya ce idon-barewa ne na gaske."

Ganye yatsu biyar, wannan haka ne. Amma na karya ɗan reshe na kai hanci. Warin bodari. Na ce wannan na Ohio ne. Shi ne mai wari, gajere, kwasfar ƙwallonsa duk ƙaya, zaren furensa yana leƙowa waje kamar gashin baki. Namu ba ya wari. Kwasfarsa sumul take kamar tsohuwar jakar fata, kuma in ya samu ƙasa mai laima yana wuce rufin coci sau biyu.

"Mama, itace ai itace ne."

Na ce, da a asibiti aka miƙo mini 'yar wata, sai in ce 'ya ai 'ya ce?

Fuskarta ta canza. Tafiyar awa biyu da rabi ta yi da abin nan a mota, tana bi a hankali kada ya karye. Na sani. Bakina ne ya riga ni. Ta ce ni da Kawu Estill kamar an tsaga kara, ta mayar da tukunyarta mota. Ba ta tsaya cin tuffa da na gasa ba.

Lahadi, 27 ga Mayu

Ranar gyaran maƙabarta. Dangi duka a kan tudu, an jera abinci a kan katako, kaji, dankali, burodin masara. Na sa fure a kan Delmer, mijina, na sa a kan Mama da Baba. Estill yana tsaye a ɗaya gefen kabarin Mama, tsakaninmu bai fi tsawon mutum ba. Tsawon Mama, in an bi gaskiya.

Fasto Hobert ya same ni wajen tulun shayi. "'Yar'uwa Orlena, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce Fasto, je ka faɗa wa mai zarto. Ni ban yanki komai ba.

Ya ɗauki cinyar kaza ya yi gaba.

Talata, 19 ga Yuni

Na kira ofishin gona na gunduma, suka turo wata yarinya, Miss Fugate. Ta durƙusa ta shafa yankan da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi sama. Daga nan na gane.

Ta ce ruwa yana hawa ta cikin itacen, shi ya sa ganye bai faɗi ba. Amma abincin da ganye ke dafawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka, kuma an yanke hanyar. Saiwa za ta yi ta cin abin da ta tara har ya ƙare. Bana, wataƙila baɗi. Ta ce itacen da ya ji mutuwa yakan zuba 'ya'ya fiye da kima, in sa ido a Satumba.

Na rubuta abin da ta ce a bayan ambulan:
Kada ƙwallon ya bushe, in ya bushe ya mutu. A shuka shi da zarar ya faɗo. Zurfin inci biyu. Sai ya sha sanyin wata huɗu a ƙasa kafin ya farka. A rufe da ragar waya saboda kurege. A shuka shi inda zai zauna, don saiwarsa ɗaya ce doguwa, ba ta son ƙaura.

Na ce yaushe zai yi fure? Ta ce shekara goma, in an yi sa'a. Ina da sittin da takwas.

Tana shiga mota ta ƙara da cewa, "Goggo, nesa da dabbobi fa." Na ce to.

Laraba, 11 ga Yuli

Zafi. Gwiwa. Tumatir ya yi tsutsa. Wata uku ban ji muryar ƙanena ba sai tarinsa in iska ta juyo.

Talata, 14 ga Agusta

Ganye ya ƙone tun daga gefe. Kowace shekara yakan riga sauran itatuwa zubarwa, amma ba haka ba, ba a Agusta ba. Ɓawon da ke sama da yankan ya kumbura kamar leɓe. Ƙwallaye kuwa sun yi nauyi har rassa sun sunkuyo.

Alhamis, 20 ga Satumba

Sun fara faɗowa. Kwasfar takan tsage uku, ƙwallon ya fito yana sheƙi, ja-ja mai duhu, da farin tabon nan a gefe. Duk wanda ya taɓa haɗa ido da barewa a bakin daji ya san inda sunan ya fito.

Ni da kuregu muke tsere. Su dafin ba ya kama su, ko kuma sun san gefen da ake ci, Mama takan ce haka. Tun da sassafe nake fita da bokiti da sanda. Sunkuyo ɗaya, addu'a ɗaya. Na tara sittin da wani abu, na zuba a ruwa, na zubar da masu tasowa sama. Saura arba'in da ɗaya masu nauyi. Suna cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin baranda.

Asabar, 29 ga Satumba

Na shuka.

Ba a bayan gida ba, inda ƙasa take baƙa kusa da idon ruwa. A bakin shinge na jera su, daga gindin tsohon har zuwa rafi, taku uku-uku, tafin hannu ɗaya daga wayar Estill. A cikin ƙasata. In ya so ya ɗauko igiya.

Ya kashe ɗaya, zai samu arba'in da ɗaya. In bazara ta zo su ne kore na farko a duk kwarin, daidai tsawon harshen saniya.

Masu magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nawa inci biyu ne. Haka ma'aikaciyar gona ta ce.

Na shimfiɗa raga, na danne da duwatsu. Yini guda. Bayana kamar ba nawa ba. Na ci abinci da daɗi, rabon da in ji haka tun Afrilu.

Laraba, 17 ga Oktoba

Glenna ta zo da kwalbar maɗin takanɗa, na bana. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta san ba zan buɗe ba. Ta zauna a kujerar Delmer.

Ta ce, "Yaya, ni ba aiko ni aka yi ba. In ya ji na zo, sai mun kwana biyu ba ma magana." Na ce ai ya iya.

Ta ce ko na san karsanan nan jinin Dolly ne? Jar saniyar Baba, wadda muka sha nononta muna yara. Shekara hamsin Estill yana riƙe da zuriyarta, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, bai taɓa sayar da mace ba ko lokacin da aka rufe ramin kwal. Ukun nan su ne suka rage. Yanzu ɗaya. Ta ce ranar ya shiga rumbun ciyawa ya rufe ƙofa, ta ji shi yana kuka, abin da ba ta ji ba ko ranar da aka binne Mama.

Na ce, ya yi wa saniya kukan da bai yi wa uwarsa ba ke nan.

Ta dube ni. Glenna ba ta da faɗa, shi ya sa kallonta yake da ciwo. Ta ce, "Sau biyu ya zo zai gyara miki shingen nan, Yaya." Ta tashi, ta ce maɗin a sa shi a inuwa.

Alhamis, 18 ga Oktoba

To. Tunda littafina ne.

Shingen daga itacen zuwa rafi nawa ne, haka Baba ya raba. Delmer ne yake gyara shi. Da ruwa ya kayar, Estill ya zo a Maris da turaku a bayan a-kori-kurarsa. Na ce masa Delmer ne ya mutu, ba ni ba, zan gyara kayana. Ya dawo bayan mako, na sake faɗa masa haka, da ƙari. Ba na son yadda yake zuwa yana duba mini rufi da bututu kamar gidan marayu.

Sai gwiwa ta tashi. Na ce gobe, na ce jibi.

Wannan bai ba shi ikon ɗaukar zarto ba. Shinge a yini ɗaya ake tayar da shi, shi da kansa ya tayar washegarin mutuwar shanun. A tayar mini da shekara saba'in da ɗaya in gani.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Bikin godiya a gidan Twila. Talo-talo ya bushe. Dashen Ohio ɗin yana bayan gidanta, ta shuka shi, ya kama. Na ce ya yi kyau. Ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, Mama."

Ta tambaye ni ƙwallayen, na ce na shuka. A ina? Na ce a ƙasa.

Litinin, 21 ga Janairu, 2019

Dusar ƙanƙara har gwiwa. Da safe na ji tarakta. Ya share hanyata tun daga titi har bakin baranda, ya juya, ya tafi. Bai ɗaga hannu ba. Ina bayan labule.

Akwai wani abu a ɗaure a bayan kujerar taraktan, koren tulu, da siririn bututu zuwa hancinsa. Ba wanda ya faɗa mini an sa masa iskar taimakon numfashi. Haka Delmer ya fara, kuma daga tulun zuwa tudun maƙabarta wata goma sha tara ne.

Ban roƙe shi ya share ba.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Babban reshen gabas ya faɗo cikin iska. Na sa gatari na tsaga, ciki fari, mara nauyi, irin wanda Baba yake sassaƙa akushi da shi. Akushin kwaɓin Mama ma na idon-barewa ne, yana kan firij ɗina. Estill ya so shi lokacin rabo, na ce na mata ne.

Talata, 19 ga Maris

Sun fito. Jajaye, a lanƙwashe, ganyen a naɗe kamar hannun jariri. Na ɗage raga na ƙirga, ashirin da tara. Sauran kurege ya ci ko sun ruɓe.

Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka. Na dai tsaya ina kallonsu. Kyawawa ne, abin haushin ke nan. Ba su san aikin da na ɗauke su ba.

Tsohon bai fitar da ko toho ɗaya ba. Na kankare reshe da farce, ƙasa-ƙasa ne har ciki.

Juma'a, 29 ga Maris

Ya zo bakin shinge ina cire ciyawa. Magana ta farko cikin wata goma sha ɗaya.

"Na ga abin da kika shuka."

Na ce a ƙasata.

"A ƙasarki," in ji shi. Ya daɗe yana kallon layin, daga itacen har rafi. Ina jira ya yi zagi, na tanadi amsa tun kaka. Sai ya ce, "Sun yi kama da na Mama." Ya tafi.

Ciyawar tudu ta ƙare masa. Dole ya sauko da shanu makiyayar ƙasa kafin tsakiyar Afrilu, kowa ya sani.

Talata, 2 ga Afrilu

Ya fara kafa shinge na biyu, ta gefensa, taku huɗu daga na farko. Bai taɓa tsiro ko ɗaya ba. Hannu kawai zai zura ta waya ya tumɓuke su cikin rabin awa, in ya ga dama. Bai yi ba.

Yana buga turke ɗaya, ya zauna a bayan mota ya sa bututu a hanci. Ya tashi, ya buga wani. Daga safe zuwa azahar, huɗu. Yana buƙatar arba'in.

Laraba, 3 ga Afrilu

Uku yau. Glenna ta sauko ta yi masa magana, na ga hannunta yana nuna gida. Ya girgiza kai. Taurin kan gidanmu ne, ba a wajen baƙo ya gani ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu

A turke na biyu ya durƙusa. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna hawa da sauka. Na ƙirga a agogon bango, minti shida. Na tsinci kaina a matakala da takalmi ɗaya a ƙafa. Sai ya kama turken ya miƙe. Na koma ciki.

Karsanar da ta tsira ta haihu, ashe. Ya sauko da ita ita kaɗai cikin ɗan keji kusa da rafi. 'Yar maraƙa ja, da farin goshi. Dolly sak. Har yadda take karkata kai.

Miyar da na ɗora ta ƙone.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ƙasar bakin shingen nan ba ta da kyau. Tun farko na sani. Tsakuwa ce da jan laka, rana tana dukanta yini guda, idon-barewa kuwa inuwa yake so da laima yana ƙarami. Duk wanda ya san itace zai faɗi haka. Ba don kowa zan tashe su ba.

Na fara tonewa da sassafe. Miss Fugate ta yi gaskiya, tsiron bai kai tsawon hannu ba amma saiwar ta nutse kamar tana neman Mama. Shida na farko duk na katse su. Na zauna a kan bokiti ina kallonsu a jere, fararen saiwoyi a gutsure.

Ban ji zuwansa ba, sai numfashin. Ya zuro dogon shebur ɗinsa ta saman waya, siririn nan na haƙa ramin turke.

"Naki ba zai kai ba, Yaya. Ki ba shi tazara, ki shiga a tsaye."

Na ce na sani.

Ya ce ya san na sani.

Na karɓa. Bai ƙetaro ba, ban ce ya ƙetaro ba. Ya zauna a bayan motarsa da tulunsa, ni ina tono. Can ya ce, "Wancan na kusa da dutse, bi ta hagu." Na bi ta dama. Ya fita lafiya.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ashirin da ɗaya sun koma bayan gida, sama da idon ruwa, inda saniya ba ta taɓa hawa ba. Biyu na sa a tukunya, ban san na wa ba tukuna. Twila tana da wuri. Huɗu sun yi laushi, sauran sun ɗaga kai da yamma.

Tsohon yana nan tsaye, ƙashi zalla, ɓawo yana zuba. Duk safiya shi nake fara gani ta taga. Ban yafe ba. In wani ya karanta wannan bayan raina, ya sani ban yafe ba. Shi ma bai ce in yafe ba, ban kuma ce masa komai a kan shinge ba.

Sai an kayar da shi kafin ya faɗo wa wani a ka. Ba Estill ba, ba da wannan huhun ba. Zan kira masu yanka daga garin Hazard. In sun tsaga, gindin zai ba da akushi huɗu ko biyar, kuma a kwarin nan mutum ɗaya ne ya rage da ya koyi sassaƙa a hannun Baba. Aikin zaune ne.

Shebur ɗinsa yana jingine a barandata. Na wanke shi, na shafa masa mai. Da sai in aiki Glenna ta kai masa, amma Glenna ma tana da nata aikin. Tudun gidansu ba wani tsawo ne da shi ba, in gwiwa ta bar ni.